Takalmin Makaho a Kwandon Jirgi

Masu kamun ƙaguwa ne suka tsinci gawar Nahoda Famau da hantsi, maƙale a saiwoyin mikoko, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, can bakin mashigin garin Faza. Kafin Sajan Shebwana ya iso sun jawo ta kan tudu sun rufa mata buhu. Ya durƙusa ya yaye. Tsohon nan da duk garin ke tsoron bakinsa, yau ga bakin a buɗe cike da yashi, ƙudaje na shiga suna fita abinsu.

Shebwana ɗan garin ne, kuma labarin ya same shi tun jiya da yamma. Famau tsohon nahoda ne, wato matuƙin jirgin ruwa, idonsa ya daɗe da mutuwa. Ɗansa Bunu, mai shagon kayan mota a Mombasa, ya kai shi wurin likitan ido, likita ya ce sai haƙuri. Da yake lokacin zafi ne yara na hutu, Bunu ya ce a koma gida a tsanake. Ya ɗauki hayar jirgin Nahoda Vae daga Lamu, aka loda dangi da yara da tukwane, ana bin tsibirai ɗaya bayan ɗaya, ana yada zango ana wanka ana gasa kifi. Da suka shigo Faza aka je tashin tsohon a ƙarƙashin rumfar goshin jirgi, inda aka ce yana barci. Aka ɗaga zanensa, sai tabarmi a naɗe.

Samarin bakin ruwa ba su ɓata lokaci ba. Wa ke zama a goshin jirgi, inda tanga, babban ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, ke tare wa na baya gani? Charo, ma'aikacin Vae. Wa tsohon ya shauɗa wa sanda ran nan a gaban kowa? Charo. Wa ya zo ci-rani daga can cikin ƙasa, ba uwa ba kawu a tsibirin? Shi ɗin dai. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi an farfasa masa hannun dama da itacen tuƙi. Yanzu yana kulle, kuma Shebwana ya san mutanensa sarai. In aka binne Famau bayan azahar, daga maƙabarta ofishin za su nufa, ƙofar ofishin kuwa katako ce da gara ta fara ci.

Ya duba gawar a natse. Doguwar rigar an naɗe ta har ƙugu an ƙulle tamau. Carbi na wuya, an cusa shi cikin riga. Sai ya juya ƙafafun, ya daɗe yana kallo. Tafin ƙafa biyun kaca-kaca suke, tsaga a kan tsaga, ɓaraguzan ɓawon kawa, mai kaifi kamar reza, sun shige cikin naman.

"Ku kai shi gida a yi masa sutura," in ji shi. "Amma ku gaya wa mai wanka ya kalli ƙafafun nan da kyau, zan neme shi shaida."

Ya tarar da Charo zaune a ƙasa, ya rungume hannun kamar jariri. Magidanci ne, da furfura 'yar kaɗan a gemu, ido ɗaya ya kumbura ya rufe.

"Me ya haɗa ka da tsohon?"

"Yallaɓai, da muka tsaya a Fungu jiran ruwa ya cika, ni na goya shi zan sauke shi kan yashi. Ruwa ya taɓa bakin rigarsa. Shi ke nan laifina. Ya ce jakin Lamu ya fi ni hankali, ya ɗirka mini sanda."

Shebwana ya san Fungu. Tudun yashi ne a tsakiyar teku, ba itace ba ciyawa. In ruwa ya janye sai ya fito fari tas, da ɗan doro a tsakiya. In ruwa ya dawo, ko doguwar gora ba ta taɓa ƙasa. Jiragen Faza kan jira a can, don ba a shiga mashigin garin sai ruwa ya cika.

"Ka ji haushi?"

"Wa ba zai ji ba? Amma ina da 'ya'ya huɗu a gida, haushi ba ya ciyar da su."

"Kai ka mai da shi jirgi?"

"Ba ni ba. Nahoda ya ce tunda jirgi ya kwanta a yashi mu kankare masa ciki. Muna can har ruwa ya fara ɗaga shi. Da na hau na ga mutum kwance an rufe shi da zane, na ce madalla, wani ya ɗauke mini wannan kayan."

"Ba ka leƙa ba?"

Charo ya dube shi da ido ɗayan. "Yallaɓai, kai za ka tashi Famau daga barci?"

Gaskiya ne, shi ma Shebwana ba zai tashe shi ba.

A gidan makoki an shimfiɗa tabarmi har lungu. Bunu na tsaye a ƙofa da waya a kunne, gumi ya jiƙa masa riga. Yana ganin Sajan ya kashe wayar.

"Sajan, me kuma ake bincike? Ga mai laifi a hannunku."

"Allah ya jiƙan Baba. Wa ya mai da shi jirgi daga Fungu?"

"Wa kuwa in ba ɗan ci-ranin nan ba? Ai aikinsa ne."

"Ka gani da idonka?"

"Ina cikin ruwa da yara. Goma sha nawa ne, kowa na neman nutsewa. Da na hau, yayata Somoe ta ce Baba ya kwanta, kowa ya yi magana a hankali."

"Takalminsa fa?"

"Yana kwando mana, tare da na kowa."

"Me ya sa ake zuba takalma a kwando in an hau jirgi?"

Bunu ya yi tsaki. "Ubana na kwance ba rai kana tambayata shirme? Don kar a ɓata musu katako da yashi. Wai su tsabta, jirgi na warin kifi."

Shebwana ya yi masa godiya. Bunu dai tun yana ƙaramin yaro aka tura shi makaranta Mombasa, teku a wurinsa wurin wanka ne da ɗaukar hoto. Ya cire shi daga lissafi ya gangara bakin ruwa.

Nahoda Vae na zaune a bayan jirginsa yana tufka igiya, ko yana yi kamar yana tufkawa. Kwandon na nan a gindin itacen tanga. Kowa ya ɗauki nasa ya tafi, saura takalmin fata guda ɗaya mai faɗin baki, ga sandar tsohon a gefe.

"Baba Vae, ka ƙirga mutanenka kafin ka bar Fungu?"

"A'uzubillahi!" Vae ya tofar da yawu a ruwa. "Kai ɗan wane gida ne? Kaki ya cinye maka ƙwaƙwalwa? Ana ƙirga rai a kan teku? Ka ƙirga ta ji adadi, ai sai ta cire zakkarta."

"Na sani, Baba. So nake in ji daga bakinka."

"Kwando nake dubawa, kamar ubana da kakana. Za a sauka kowa ya ɗauki takalminsa, Fungu kawa ce zalla, ba a taka ta da ƙafa. An dawo kowa ya mayar. Tun daga Lamu na san takalmin kowa. Na duba, ba wanda babu, na Famau ma shi ne a sama. Sannan na ce a ɗaga tanga."

"Charo fa, yana ina duk zaman da kuka yi?"

"Kafaɗa da kafaɗa da ni a bayan cikin jirgi, muna kankara. Ko fitsari bai je ba. Amma me ya haɗa Fungu da wannan? A hanya mutumin ya faɗa ruwa."

"Kun ci abinci a can?"

"Ina! Ruwa ya taho da sauri, aka kwaso komai, a kan tafiya muka ci. Shinkafar kwakwa da gasasshen kifin nguru, wani ƙato. Somoe ce ta raba, Allah ya yi mata albarka, ni ta ɗora wa kan kifin."

"Kan kifin. Famau na cikin jirgi, aka ba wani kan kifi?"

Hannun Vae ya tsaya a kan igiyar.

"Ai barci yake..."

"Ta zuba nasa ta rufe kafin ta raba?"

Vae ya ajiye igiyar. A duk gidan da ke tsibirin nan, ba a sa cokali a tukunya sai an fara fid da na babba an rufe, yana nan ko ba ya nan, yana barci ko yana masallaci. A gidan Famau kuwa an taɓa jin kukan Somoe har lungu na uku saboda ta manta da wannan sau ɗaya tak.

"Har ƙanzo yara suka kankare," in ji Vae da ƙyar. "Inna lillahi. Shebwana, me kake so ka ce?"

"Ba ni takalmin nan."

Ya koma gidan makokin ta ƙofar baya. Somoe na ɗakin girki ita kaɗai, ta hau kujerar kankare kwakwa tana ta gurzawa don abincin masu gaisuwa. Ta haura arba'in, doguwa, busasshiya. Ba ta taɓa aure ba. Tun da uwarsu ta rasu idon uban ya tafi, ita ce idonsa, ita ce ƙafarsa, ita ke kai shi bayan gida ta tsaya a ƙofa. Shebwana yana yaro ta sha ba shi alewa ta taga, saboda haka zuciyarsa ba ta so shigar nan ba ko kaɗan.

"Yaya Somoe, sannu da haƙuri."

"Sannu, Shebwana. Zauna. Ka ci wani abu?"

"Wa ya mai da Baba jirgi jiya?"

"Ban gani ba. Ina bakin ruwa ina wanke tukwane, na hau na tarar da shi a kwance."

"Ba ki tashe shi sallar la'asar ba?"

"Ya gaji."

Ya ajiye takalmin a gabanta. Ta dube shi, ta ci gaba da gurza kwakwa.

"Bari in gaya miki abin da gawar ta gaya mini," in ji shi. "Wanda ya faɗa daga jirgi, ko aka tura shi, ba shi da lokacin naɗe riga ya ƙulle a ƙugu, ya rataya carbi a wuya don kar ya ɓace. Wannan shirin mai ratsa ruwa ne. Kuma a tsakiyar mashigi ba abin da zai yanka masa ƙafa. Tafin ƙafarsa ba sauran wuri, Yaya. Ya daɗe yana tafiya a kan kawa ba takalmi. Baba bai faɗa daga jirgi ba, don bai hau shi ba. A Fungu aka bar shi."

Ƙarar gurzar ta ragu, amma ba ta tsaya ba.

"Vae ba ya tashi sai ya ga takalmin kowa a kwando. Wanda ya kawo wannan ya san haka. Bunu bai sani ba, shi a zatonsa tsabta ce. Charo ya sani, amma yana gefen Vae tun saukarsu. Kuma makaho ba ya cire takalmi a kan kawa ya miƙa wa mutumin da ya gama duka. Sai wanda ya saba miƙa wa kullum in zai yi alwala."

"Zato ne kawai."

"Har nan zato ne. Sai kika raba abinci. Fiye da shekara ashirin ba ki taɓa kai loma baki ba sai kin rufe nasa. Jiya kika ba Vae kan kifi, kika bar yara suka suɗe tukunya. Mai barci yana tashi da yunwa, Yaya. Ke kaɗai a jirgin nan kika san ba zai tashi ba."

Ta ajiye ɓawon kwakwar. Ta goge hannu a zaninta, yatsa bayan yatsa. Ba hawaye a idonta, kuma wannan ya fi ba Shebwana tsoro.

"Wallahi ban ma lura ba," ta ce. "Na tuna da takalmi, na tuna da sanda, na tuna da tabarmi. Abinci kuwa hannuna ne kawai ya huta."

"Me ya sa?"

"Ka san Bunu ya yi mini alkawari? Ya ce in an je Mombasa zai riƙe Baba a can, ya ɗaukar masa mai kula. Likita na cewa ba magani, matarsa ta ce gidansu ba fili. Sai aka saya mini yawon teku a madadin haka. Ga tsibirai, Yaya, ki sha iska." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shekaranjiya a tsibirin Manda ana shan gahawa, wata gwaggo ta ce malamin makarantar nan da matarsa ta rasu ya sake aiko da magana a kaina. Ka san abin da Baba ya ce, a gaban yara, a gaban baƙi? Ya ce wa zai sayi jirgin da ya ruɓe a kan tudu. Ya ce ni sandarsa ce, kuma in ya mutu a sa sandar a kabari tare da shi. Kowa ya yi dariya, Shebwana. Har Bunu."

"Sai kika kai shi bayan doron yashi."

"Shi ya ce in kai shi inda ba hayaniya ya yi azahar. Na zuba masa ruwa ya yi alwala, na juya shi alƙibla. Ya miƙo takalmi, ya miƙo sanda, ko juyowa inda nake bai yi ba. Ya ta da kabbara, ni kuma na tafi."

"Bai yi kira ba?"

"Iska daga wajenmu take busawa, ko ya yi wa zai ji? Da jirgi ya zagayo na hango shi. Yana tsaye ya miƙa hannu gefe, yadda yake yi in yana jira in kama. Ruwa bai kai gare shi ba tukuna. Ba wanda ya san ruwan nan kamarsa. Ya san lokacin da zai taɓa idon sawu, ya san lokacin da zai kai ƙirji. Hanya ce kawai bai gani ba. Na so ya ɗanɗana jira, ya san abin da ke zuwa, ba mai kama masa hannu."

Shebwana ya tausaya mata, ya kuma ji ƙyamarta, duka a lokaci guda.

"Charo fa? Kina tsaye aka farfasa masa hannu. Da yamman nan za su iya kashe shi."

"Na gani."

"Shi ke nan? Kin gani?"

"Tun ina budurwa ake jin kukana ta katanga, wa ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofa? Kai ma nan ka girma. Ni ce zan fara tambayar lafiyar wani?" Ta miƙe ta jawo baƙin mayafinta. "Mu je. A gaya wa matar Bunu ta ƙarasa kwakwar, ta iya cin abinci ai."

A soro suka yi kiciɓis da Bunu. Ashe yana laɓe ya ji komai. Ya kama hannun Sajan ya ja shi gefe.

"Shebwana, don girman Allah. Uba ya tafi, a ce kuma 'yarsa ce? Wa zai auri 'ya'yana mata? A bar shi yadda yake. Baƙo ne, wa zai zo neman sa? Ni zan kula da iyalinsa."

"Kamar yadda ka kula da yayarka?"

Bunu ya sake shi. Shebwana ya fito da Somoe ta ƙofar gaba, ta tsakiyar masu zaman makoki, ya tsaya ya faɗa wa liman da dattawa abin da ya faru da murya mai ƙarfi, don kada a ce ba a ji ba. Ya kira mai wanka ya shaida ƙafafun, Vae ya shaida kwando da kan kifi. Ita kuma da aka tambaye ta, ta ce haka ne. Ba wanda ya ɗaga mata hannu. 'Yar gari ce, jikar wane, sai salati da girgiza kai.

Bayan azahar ya buɗe wa Charo ƙofa ya raka shi bakin ruwa. Hannun ya kumbura ya yi baƙi, yatsu uku sun karkace. Vae na cikin jirgi tare da wani saurayi da ke naɗe igiya.

"Nahoda," in ji Charo, "an wanke ni."

Vae bai iya haɗa ido da shi ba. "Na ji, Charo. Allah ya saka maka. Amma ka san aikin, hannu ɗaya ba ya jan tanga, ni kuma gobe ina da baƙi."

A daidai lokacin aka fito da makara, ta bi ta bakin ruwa zuwa maƙabarta. Samarin gari na karɓa-karɓa, kowa na neman lada. Charo ya bi su da ido ɗayansa, ya gane su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun kalle shi, ba wanda ya rage sauri.

"Yallaɓai," ya ce, "ka kama wadda ta kashe tsoho. To wa za a kama saboda hannuna?"

Shebwana ya dubi masu ɗaukar makarar. Na gaba ta dama ɗan liman ne. Na bayansa ɗan ƙanwar Shebwana ne, yaron da shi da kansa ya yi wa huɗuba ranar suna.

"Jirgin Lamu zai tashi in ruwa ya cika," in ji shi. "Akwai asibiti a can. Ka hau tun kafin su dawo."